Aikin akawun kotu: rubutu ne kawai da kiran sunaye?

Wani ƙanenmu ne ya turo tambaya, yace an ɗauke shi aiki a ƙaramar kotu a matsayin akawu, wata mai kamawa zai fara, amma duk wanda ya tambaya sai yace masa "ai rubutu ne kawai da kiran sunaye". Shine yake so ya san ainihin abinda zai riƙa yi, sannan wai da gaske ne akawu yana iya sa mutum ya ci shari'a ko ya faɗi?

Toh ƙanena, Allah ya sanya alheri, Allah yasa ka shiga da ƙafar dama. Ni a kan wannan kujerar furfura ta same ni, don haka zan baka amsa kamar yadda na ga aikin da idona. Waɗanda suka ce maka rubutu ne kawai basu yi ƙarya ba, sai dai basu san nauyin rubutun ba. A kotu abinda ba a rubuta ba bai faru ba, ko da mutum ɗari sun ji da kunnensu. Alƙali zai iya mantawa, za a iya masa canjin wurin aiki, zai iya rasuwa, lauyoyi su watse, shaidu su tsufa, abinda zai rage shine fayil ɗin da ka haɗa da hannunka, kuma da shi za a yi wa mutane hukunci bayan kai kanka ka bar wurin.

Kafin nayi nisa, sunayen suna rikita mutane. Akwai mai cewa akawu, akwai mai cewa magatakarda, akwai rajistara. A manyan kotuna kowa da teburinsa, rajistara shine shugaban ofis, a ƙarƙashinsa akwai mai karɓar takardu, mai kuɗi, mai zama gaban alƙali, mai kai sammaci. A ƙaramar kotu kuwa kar kayi mamaki idan ka tarar kai ne uku daga cikinsu, wani lokacin har da tafinta idan babu kowa kusa.

Aikin yana farawa ne daga kanta, wato teburin karɓar takardu, tun kafin alƙali ya san da maganar. Mutum zai zo da ƙara, ko a rubuce ko kuma da baki idan dokar kotunku ta yarda a rubuta masa, kai zaka karɓa, ka duba sunaye da adireshi sun cika, ka lissafa kuɗin shigar da ƙara kamar yadda jadawalin kotu ya tsara, a biya a bada rasit, ka buga hatimi mai kwanan wata, ka bada lambar ƙara, ka shigar a babban rajista, ka buɗe fayil. Wannan hatimin da kake gani kamar abin wasa, shine mafi haɗarin abu a teburinka. Kusan komai a shari'a yana da wa'adi, akwai iya lokacin da za a iya kawo ƙara, akwai iya kwanakin da wanda ake ƙara zai maida martani, akwai iya kwanakin ɗaukaka ƙara, kuma ranar da hatiminka ya nuna ita ce ranar da doka ta sani. Saboda haka za a zo maka, wallahi za a zo, lauya mai fara'a da kwat mai kyau yace "akawu taimaka ka maida mana shi jiya, kwana ɗaya ne kawai muka makara". Kwana ɗayan nan haƙƙin ɗaya ɓangaren ne, ba naka bane balle ka bayar. Ka buga ranar yau, shi kuma ya je ya roƙi alƙali ƙarin lokaci, akwai hanyar yin hakan a buɗe.

Sannan ba kai ne zaka yanke cewa ƙarar mutum bata da tushe ba. Ko kaga shirme ce tsantsa, in dai ta cika sharuɗɗan karɓa, karɓa ka kai gaba. A kotunan tarayya na Amurka ma a rubuce yake cikin dokokinsu na shari'ar farar hula, wato wadda ba ta laifi ba, cewa akawu ba zai ƙi karɓar takarda ba don kawai ba a tsara ta yadda ake so ba. Hikimar ita ce kar kanta ta zama kotu ta biyu.

Daga nan sai sammaci, kuma anan nake so ka tsaya sosai, don mafi yawan shari'un da na ga an rushe a kotun ɗaukaka ƙara ba don alƙali ya jahilci doka bane, don ba a tabbatar wanda ake ƙara ya samu labari bane. Ba a yi wa mutum hukunci ba tare da an bashi damar jin abinda ake zarginsa da shi ba, wannan ƙa'ida ce da kusan duk wani tsarin shari'a ya yarda da ita. Kai zaka shirya sammacin, a sa hannu a buga hatimi, ka damƙa wa mai kaiwa, ka rubuta ranar da ya karɓa. Idan ya dawo kar ka yarda da "na kai" da baki. Wa ya ba? A ina? Ƙarfe nawa? Ya sa hannu ko ya ƙi? Duk wannan ya shiga takardar shaidar isarwa, ita kuma ta shiga fayil kafin ranar zama. Alƙali mai hankali abu na farko da zai tambaye ka idan wanda ake ƙara bai zo ba shine "an kai masa?" kuma amsar tana cikin fayil, ba a bakinka ba.

Akwai wata shari'a a Amurka da nake yawan ba sababbin ma'aikata labarinta. Wani mutum mai suna Cory Maples, an yanke masa hukuncin kisa a jihar Alabama. A 2003 kotu ta yi watsi da wata buƙatarsa, akawun kotun ya tura sanarwa ta gidan waya zuwa ga lauyoyinsa biyu a New York, ashe sun bar ofishin da suke aiki basu sanar da shi ko kotu ba, wasiƙun suka dawo ko buɗe su ba a yi ba. Akawu ya karɓa ya ajiye, bai ƙara yin komai ba. Kwana 42 na ɗaukaka ƙara suka wuce, mutumin yana kurkuku bai san wainar da ake toyawa ba. Sai a 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta buɗe masa ƙofa, ita ma a kan cewa lauyoyinsa ne suka yasar da shi. Ba akawun aka kama da laifi ba, amma ni duk lokacin da na tuna sai in ce ina ma ya ɗaga waya sau ɗaya. Shekara kusan 9 a kan ambulan biyu da suka dawo.

Ranar zama kuma, kai ne farkon zuwa. Jerin shari'un ranar ya kamata tun jiya ka fitar ka manna inda kowa zai gani, fayil-fayil a jere bisa tsarin jerin, kayan shaidar da za a buƙata an ɗauko daga sito, idan akwai wanda ke tsare an tura takardar a kawo shi, idan ana buƙatar tafinta an sanar da shi. Alƙali ya shigo, kai zaka kira lamba da sunaye, ka rantsar da shaida ko ka karɓi alƙawarinsa na faɗin gaskiya gwargwadon abinda ya yi imani da shi, a shari'ar laifi sau da yawa kai zaka karanta tuhuma da ƙarfi cikin harshen da wanda ake tuhuma yake ji. Kiran sunan nan da ake rainawa, na taɓa ganin wata dattijuwa ta zauna a benci na baya tun safe har aka tashi, an kira ƙararta sau uku bata amsa ba, aka kusa korar ƙarar, ashe sunan da ke takarda sunanta na yanka ne wanda rabon da a kira ta da shi tun tana yarinya, ga shi kunnenta ya yi nauyi. Ina tattara fayil sai ta matso a hankali tace "ɗana, ni yaushe za a zo kaina?" Tun daga ranar, kafin in ce wa alƙali mutum baya nan sai na sa odali ya fita ya kira a waje, kuma ya kira sunan uba ko na miji da ke cikin takardar.

Yanzu ga zuciyar aikin, rikodin zaman kotu. A wasu kotunan alƙali ne yake rubuta bayanan shaidu da hannunsa kai kuma ka riƙe littafin oda da rajista, a wasu kai ne mai rubutawa, a wasu na'ura ke ɗaukar murya kai ka kula da ita. Ko wanne ne, abinda ya rataya a wuyanka shine wa ya halarta, wa bai zo ba, wane lauya ya tsaya wa wa, me aka gabatar, me alƙali ya umarta, zuwa yaushe aka ɗage kuma don me. Ka rubuta abinda aka faɗa, ba abinda kake ganin ana nufi ba. Idan shaida yace "ina jin shi ne" kar ka rubuta "shi ne", tsakanin waɗannan biyun akwai shekarun ɗaurin wani. Kotun ɗaukaka ƙara bata ga fuskar kowa ba, bata ji rawar muryar kowa ba, takardarka kawai take karantawa.

Bari in tona asirin kaina. A shekarata ta biyu alƙali ya ɗage wata ƙarar bashi zuwa ranar 21, ni kuma a littafina na rubuta 12, lamba biyu ne suka juya min. Ranar 12 na sa ƙarar a jeri, mai ƙara bai zo ba tunda shi 21 ya ji, aka kori ƙararsa saboda rashin halarta. Ranar 21 sai ga shi da shaidunsa biyu da ya ɗauko daga nesa. Da na duba bayanin alƙali na ga 21 ƙuru-ƙuru, gumi ya karyo min, kuma ba zan ɓoye maka ba shaiɗan ya raɗa min cewa 12 ɗin nan da ɗan jan biro za ta gyaru babu wanda zai sani. Wani dattijon rajistara da muke aiki tare ya kalle ni yace "tashi ka je ka faɗa wa mai shari'a da bakinka". Na sha faɗa irin wanda ban taɓa sha ba, aka sanar da ɗaya ɓangaren, aka dawo da ƙarar. Da na taɓa littafin nan da yanzu ba ni nake baka wannan amsar ba. Kuskure a rikod ana gyara shi ne da layi ɗaya a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, ka rubuta daidai a sama, ka sa hannu da kwanan wata, in oda ce ta kotu kuma sai da izinin alƙali. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwan gyara, ba a yage shafi.

Wannan ba sabon abu bane da zamani ya kawo. Malaman fiƙihu da suka yi rubutu a kan ladubban alƙalanci sun shardanta marubucin alƙali ya zama adali mai amana wanda ya san abinda yake rubutawa, har suka so alƙali ya zaunar da shi inda zai riƙa ganin abinda hannunsa ke rubutawa, kuma a ajiye kwafi a taskar kotu don wanda zai gaji kujerar. Albarkacin irin waɗannan marubutan ne har yau masana tarihi suke karanta kundayen kotunan Daular Usmaniyya na ɗaruruwan shekaru, suna ganin wa ya ci bashin wa, wa ya saki wa.

Kayan shaida da kuɗi ba zan ja ba, ƙa'idarsu ɗaya ce. Duk abinda kotu ta karɓa, takarda ce, waya ce, wuƙa ce, ka sa masa lamba ko harafi, ka shigar a rajistar kayan shaida, ka kulle, duk wanda zai fita da shi ya sa hannu. Kuɗi kuma, tara ne, kuɗin ƙara ne, ko wanda wani ya ajiye don a ba wani, babu rasit babu karɓa, kuma kar ya kwana a aljihunka ko da niyyar zaka mayar gobe. Ban taɓa ganin wanda ya fara da niyyar sata ba, duk da "zan mayar ƙarshen wata" suka fara.

Bayan hukunci ma aiki bai ƙare ba, nan ne ma mutane suka fi buƙatarka. Rubuta odar a tsaftace a kai alƙali ya sa hannu, takardar beli da duba cewa masu tsayawa sun cika sharuɗɗan da aka gindaya, warantin kai mutum gidan yari ko na sakinsa, kwafin hukunci mai hatimi ga wanda ya nema, haɗa rikod a tura sama idan an ɗaukaka ƙara. Takardar saki idan ta kwana a tirenka ranar ƙarshen mako, mutumin da kotu ta riga ta sallama zai ƙara kwana biyu ko uku a ɗaure saboda kai ka tafi gida da wuri. Ni wannan nake fara gamawa kafin komai.

Toh sai tambayarka ta biyu. Akawu baya yanke hukunci, kuma bai kamata ya ce uffan ga alƙali a kan wa ke da gaskiya ba. Amma in nace maka bashi da tasiri na yi maka ƙarya. Fayil ya ɓata ranar zama, sammaci ya yi wata a dirowa, shafi ɗaya ya fita daga rikod, a sa ƙara can ƙarshen jeri kullum har mai ita ya gaji ya daina zuwa, duk wannan ba hukunci bane amma yana kashe shari'a. Shi yasa masu neman hanya ta baya suka fi zuwa wurin akawu fiye da alƙali, kai ne kusa, kai ne mai ƙaramin albashi. Ba da damin kuɗi suke farawa ba, da gaisuwa suke farawa, sai ɗan alheri "ba don komai ba", sai ranar da za a ce maka ɗan jinkirta mana takardar nan. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ga kuma 'yan bakin ƙofa masu karɓar kuɗin mutane da sunanka kai baka ma sani ba, in ka ga wani yana yawan tsayawa kusa da teburinka yana gaishe ka da ƙarfi a gaban jama'a, to kasuwa yake da kai, ka raba gari da shi da wuri.

Kuma ba sai ka yi laifi ba, zargi kaɗai ya isa ya rushe shari'a. A Ingila a 1923 an gurfanar da wani mai babur, McCarthy, a kan tuƙin ganganci. Da alƙalan suka shiga ciki su yi shawara sai akawun ya bi su da takardun bayanan shaidu, ashe shi abokin tarayya ne a ofishin lauyoyin da ke neman diyya daga McCarthy ɗin a kan wannan hatsarin. Alƙalan sun rantse basu nemi shawararsa ba, bai ce komai ba, kuma babbar kotu ta yarda da su, amma duk da haka ta soke hukuncin. A nan ne babban alƙali Lord Hewart ya faɗi maganar da lauyoyi ke maimaitawa har gobe, cewa bai isa a yi adalci ba, sai an ga ana yin sa a fili. Don haka ranar da ka buɗe fayil kaga sunan ɗan uwanka, surukinka, mai gidan da kake haya ko wanda kuke rigima, ka rufe ka kai wa rajistara ko alƙali ka faɗa, a ba wani.

Abu mafi wuya a wurina ba cin hanci bane ma, tausayi ne. Talaka zai zo bashi da lauya, yace "akawu don Allah me zan ce in an kira ni? In amsa laifin ko in musa?" Zuciyarka zata so ka faɗa masa. Kar ka faɗa. Zaka iya gaya masa ranar zamansa, takardar da zai cike, inda zai biya, kwanakin da doka ta bashi na ɗaukaka ƙara, inda ake samun lauyan taimako kyauta in akwai, wannan duk bayani ne kuma haƙƙinsa ne, ka yi masa da sakin fuska ka maimaita har ya gane. Amma "ka amsa kawai za a sassauta maka" ko "wannan ƙarar taka zaka ci", wannan shawarar lauya ce, ƙaramin sani kuma ƙuƙumi ne, gobe in abu ya juye a gaban alƙali zai nuna ka da yatsa yace akawu ne yace in amsa. Ma'aunin da nake amfani da shi, in ba zan iya faɗin maganar ɗaya ɓangaren yana tsaye yana ji ba, to ba tawa bace.

Ka sani kuma iyakar ikon akawu ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kar ka karanta na wani wuri a intanet ka ɗauka naka ne. A ƙananan kotunan Ingila yawancin majistarorin ba lauyoyi bane, mutanen gari ne masu aikin sa kai, saboda haka wanda ke zaune gabansu ƙwararren lauya ne mai basu shawara a kan doka, amma shi ma baya tsoma baki a kan wa ya yi gaskiya. A Faransa akawun kotu yana da makarantarsa ta musamman a Dijon, kuma hukuncin farar hula da babu sa hannunsa tare da na alƙali ana iya soke shi. A jihohi da dama na Amurka zaɓen akawun kotun yanki ake yi da ƙuri'a kamar ɗan siyasa. Naka iyakar tana cikin dokar da ta kafa kotunku da littafin ƙa'idojin aikinta, ka nemi kwafi tun makon farko ka karanta, musamman sashen wa'adi da na isar da sammaci da jadawalin kuɗi.

Sirri kuma, zaman kotu galibi a buɗe yake amma ba komai na fayil bane na kowa, shari'ar yara, rikicin aure, rahoton likita, hukuncin da aka rubuta ba a karanta ba tukuna. Kar ka ɗauki hoton takarda da wayarka, kar ka ba abokai labari a WhatsApp ko da ka cire suna, mutane sun fi ka iya haɗa ɗaya da ɗaya. In kotunku ta koma kwamfuta, lambar sirrinka tamkar hatiminka ce, duk abinda aka shigar da ita kai ka shigar.

Ranar da za a miƙa maka teburin, kar kunya ta sa ka sa hannu a takardar karɓar aiki baka ƙirga ba. Ku zauna da wanda zaka gada, ku bi fayil ɗaya bayan ɗaya da rajista a buɗe, ku buɗe sito ku duba kayan shaida da lambobinsu, ku duba littafin rasit lamba ta ƙarshe da aka yanka da kuɗin da ke ƙasa, duk abinda babu a rubuta babu, ku sa hannu ku biyu rajistara ya shaida. Zai ɗauke ku kwana biyu ko uku kuma zai ji haushinka, bar shi ya ji. Sannan ka sayi ƙaramin littafi naka na kanka, duk fayil ɗin da ya bar hannunka ka rubuta lamba, wa ya karɓa, ranar nawa, ya sa hannu, ko da alƙali ne ya aiko a ɗauka.